Masarar da Na Ce a Zubar

Litinin, 13 ga Oktoba

Ruwan sama ya dawo bayan kowa ya gama karyar masara. Abin da nake tsoro ke nan tun watan jiya. Duk gonar da na biya yau masara ce jibge a ƙasa, an lulluɓe ta da leda tana gumi. Na cusa hannu cikin tarin wani dattijo, na ji ɗumi kamar hammata. Na ce Baba, funfuna kake dafawa a nan. Ya ce kakansa ma haka yake yi. Na ce to ina kakan naka yake yanzu? Bai kamata in faɗi haka ba, amma jama'a sun yi dariya, shi ma ya yi, ya kuma yarda aka baje tarin.

Na daɗe a aikin malamar gona, bakina har ya gaji da magana ɗaya. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba. A bar ta ta bushe har ta yi ƙas a haƙori. A ɗora buhu kan katako, kada ya jingina da bango. Gubar da funfunar nan ke bari a ƙwaya ba ta da ɗanɗano, wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali, yara kuma ta tauye musu girma. A ofis aflatoksin muke ce mata. A gona guba kawai nake cewa, sun fi jin haka. Bana ba zan sassauta wa kowa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Babur ya mutu a hanya, na tura shi har ofis. Na dawo gida na tarar 'yata Ɗigo ta yi barci a cinyar Inna, bakinta fari fat da madara. Inna ta ce, "Malama an dawo daga wa'azi?" Tun da na fara aikin nan uwata ba ta da sunan da take kirana da shi sai Malama, kuma ba don girmamawa ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na tara matan layinmu a tsakar gida kamar yadda na yi bara. Kowacce da tirenta. Na sake nuna musu ƙwayar da za a tsince: mai kore-kore, mai baƙi, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta fashe, wadda ta motse. Yawancin gubar a cikin 'yan ƙwayoyin nan take taruwa. Na nuna musu gwajin gishiri: busasshiyar kwalba, gishiri kaɗan, masara, a rufe a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da ita rana.

Matar tela ta fi kowa hannu. Ta ce tun bara ba a niƙa komai a gidanta sai ta tsince, har mijinta na ce mata kaza. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A ƙauye ana jina ne don ina da babur da rigar ofis. Waɗannan kuwa sun san ni tun ina yawo ba takalmi, ga shi sun ɗauka.

Inna na zaune a bakin ƙofarta tana kallonmu. Can ta ce, "To wadda aka tsince fa, ina za a kai ta?" Na ce a zubar, ko waiwayowa ban yi ba. Da matan suka tafi ta sunkuya ta bi tsakar gidan tana tsintar ƙwayoyin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, tana ƙullewa a gefen zani. Haka take tun ina yarinya. Ko a titi ta ga ƙwayar hatsi sai ta tsaya, ko da mota na mata hon.

Talata, 28 ga Oktoba

Awon Ɗigo a asibiti. Sikeli bai motsa ba, kamar wancan watan, kamar na kafin shi. Shekararta biyu da rabi amma rigar bara ce a jikinta, kuma ta yi mata daidai. Da muka sa mata Ɗigo wasa muke yi, yanzu sunan ya daina ba ni dariya.

Nas ta tambaye ni me take ci. Na lissafa da ɗan alfahari: garinmu ni nake tsince masararsa da hannuna, ga ƙwai, ga wake, ga madarar saniyarmu safe da yamma, sabuwar tatsa, Inna ke dafa mata. Nas ta ce to abincin ba laifi, dalilai suna da yawa, za a ba ta maganin tsutsa a duba jini. Na kira babanta, yana kan hanya da motar kaya, bai ji rabin abin da na faɗa ba. Ya ce danginsu duk ƙanana ne. Ƙarya yake, ƙanwarsa sai ta sunkuya take shiga ɗakina.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Jini lafiya, tsutsa babu. To me ke cin yarinyar nan?

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Yau ban fita ba, ina wanki a bayan ɗaki. Na ji sallamar matar tela ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ba ta so a ji. Ta ɗauka ba na nan. Na leƙo na gan ta da roba a kai, ta wuce kai tsaye tsohon ɗakin girki da ke kusa da turken saniya, wanda Inna ke riƙe da makullinsa. Na bi ta. Warin ne ya fara tare ni a ƙofa, warin da zan gane ko ina barci.

Buhuna ne jingine da bango, a kan ƙasa. Duk masarar da na koya wa matan layinmu su tsince, tun daga bara, nan take zuwa. Ba wadda ta iya zubarwa, sai suka riƙa kawo wa Inna, tun da ita ce mai saniya. Inna ta wanke ta tas, ta shanya a kan rufi in na fita aiki, ta kai a ɓarza, ta haɗa wa saniyarmu Gimbiya da harawa. Gimbiya ta ci, Inna ta tatsa, Ɗigo ta sha.

Na tsabtace tukunyar kowa a layin nan, na tattaro gubarsu wuri ɗaya, a gidana, a kofin 'yata.

Na tuna yadda Inna ke cewa saniyarta ba ta san dusar kasuwa ba. Ni kuma in ce sannu da ƙoƙari, in hau babur.

Inna ta shigo tana share hannu da zani. Ta ce, "Ai na wanke. Kuma dabba ce, ba mutum ba." Na je na ɗauke kofin daga hannun Ɗigo, ta fasa kuka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na kai wa Tabarau, mai gwajin ofishinmu, masarar da madarar. Na ce na wata mata ce. Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Matar tana da kwalba irin taki." Ya ce kayan gwajin madara sun ƙare, sai jibi.

Na hana a ba Ɗigo madarar. Na sayo dusa mai kyau da harawa, na sa wa tsohon ɗakin girki kwaɗo na biyu. Inna ta tsaya tana kallona ina murɗa makulli a ƙofar da take tata tun kafin a haife ni.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ɗan tsinken gwajin nan, in ya nuna layi biyu lafiya, in layi ɗaya akwai guba. Masara layi ɗaya. Madara layi ɗaya. Na tsaya ina jiran na biyun ya fito har Tabarau ya zare tsinken daga hannuna.

Ya ce kada in yanke hukunci cewa ita kaɗai ce ta hana yarinyar girma, ba wanda zai iya rantsewa. Ya ce abin godiya shi ne saniya ba ta riƙe gubar, in aka canja mata abinci madarar kan wanke cikin 'yan kwanaki, amma a ba ta mako biyu a sake gwadawa. Kafin nan duk abin da aka tatsa a zubar. Na san duk wannan. Ni nake faɗa wa mutane.

A gida na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Inna murya. Na ce shekara guda tana shayar da jikarta guba a bayan idona. Na ce da ta san daidai take yi, da ba ta jira sai na fita ba. Na ce gobe zan zuba kananzir a buhunan nan.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba a ƙona abinci a gidana." Sai ta shiga ɗaki ta saki labule.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ɗigo ta yini tana bin kofinta. Madarar gari ta ƙi, ta tofa mini a riga. Sai ta je bakin labulen Inna ta tsaya tana cewa nono, nono. Ba a buɗe ba, amma na ji tsohuwar tana jan hanci a ciki.

Da kaina na yi tatsa. Gimbiya ta harbi bokiti sau biyu, ba ta san hannuna ba. Abin da ya samu na tuttular a rami bayan gida na rufe da ƙasa. Fari tas, da kumfarsa, ba abin da ido zai gani. Na ji wani iri, amma na zubar.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Inna ta karɓi tatsa, ba ta mini magana. Na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na bi gidajen layinmu ɗaya-ɗaya, na ce kada wadda ta ƙara kawo ko ƙwaya ɗaya. Na je da faɗa a bakina. Matar tela ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yaya, kin ce a zubar, ba ki ce ina ba. A bola awaki su ci, a kwata kaji su ci. Ni kuma hannuna ba ya iya watsar da hatsi, wallahi na gwada." Ta ce duk sun ɗauka taimakon Inna suke yi.

Na ce daga yau rami, mai zurfi, nesa da rijiya, inda kaza ba za ta tono ba. Ta ce to. Amma na ga fuskarta, to ɗin nan bai kai ciki ba.

A hanyar dawowa na riƙa tuna ƙauyukan da na bi ina cewa a zubar, a zubar. Kaji nawa, awaki nawa, gidajen marasa ƙarfi nawa aka miƙa wa sadaka. Gobe zan gaya wa oga a gyara darasin, ko ya so ko bai so ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na manta takardun taro na dawo gida da hantsi. Na tarar da Inna zaune a bayan turke, ƙwaryar tatsa a bakinta. Ashe duk kwanakin nan ba zubarwa take ba, shanyewa take.

Na fizge ƙwaryar, madara ta zube mana a ƙafa. Ta ce, "Yarinya kika ce kada ta sha. Ni me ya rage a hantar tawa?"

Na zauna a ƙasa cikin kashin shanu da rigar ofis. Na ce Inna, ni fa uwa ɗaya gare ni. Ban san zan yi kuka ba sai da na ji shi.

Can ta fara magana, ba ni take kallo ba, saniyar take kallo. Na san an yi shekarar yunwa kafin a haife ni, na san ina da wa da ya rasu a cikinta, iyakar abin da aka taɓa gaya mini ke nan. Yau ta ce bayan an tashi kasuwa takan je da tsintsiya ta share wurin masu awo, ta kawo ƙasar gida ta rairaye. Wata rana tafin hannu ɗaya, wata rana ko hakan babu. Ta ce nononta ya ƙafe wan nawa yana tsotso. "Da a lokacin an ba ni buhu ɗaya cikin waɗannan da kike so ki ƙona, da yanzu kina da wa."

Me zan ce? Wataƙila gaskiya ne. Na ce wancan rashin abinci ya ɗauke shi, wannan kuma abincin ne zai ɗauke ta, kuma ba zan tsaya ina kallo ba, ko da za ta daina yi mini magana har abada. Na faɗa a hankali wannan karon, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ta ce, "Ke dai taurin kan ubanki."

Ban je taron ba.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba

Da safe Inna ta aiko Ɗigo ta kira ni. Sharuɗɗa ta shimfiɗa mini game da buhunan nan kamar mai sayar da gona. Wuta dai babu. Bola babu. In ƙasa ce, ta yarda, daga can ta fito. Kuma ita za ta zuba da hannunta, ba wani ƙato ya zazzage mata kamar shara ba. Sannan ranar da za a sake gwada madarar, da ita za a je, don ba ta yarda da tsinken da ba ta gani ba.

Na ce na yarda. Ta ce, "Dama ba tambayarki nake ba."

Asabar, 22 ga Nuwamba

An haƙa rami a ƙarshen fili, can nesa da rijiya, zurfinsa ya kai ƙirji. Matan layi suka zo ba wanda ya kira su, kowacce da ragowar abin da ta tsince a gida. Na so a ɗaga buhu a juye a gama, rana na yi. Inna ta ce a'a. Ta kawo ƙwaryarta, tana ɗiba tana zubawa, tana bismilla a kan kowace ƙwarya. Na ɗaure mata ƙyalle a hanci saboda ƙurar, ta harare ni amma ta bari.

Da ta gaji ta miƙo mini ƙwaryar. Na ɗiba. Cikin baƙaƙen akwai farare masu kyau da suka shiga bisa kuskure, ƙwaya cikakkiya, ba abin da ya same ta a ido. Hannuna ya tsaya a bakin ramin. Na san ba a raba su yanzu, sun shekara tare cikin danshi. Na san haka sarai. Amma sai da matar tela ta ce, "Yaya, zuba mana," sannan na zuba.

Muka mayar da ƙasa, muka danne da duwatsu. Inna ta daɗe tsaye a wurin. Ta ce da an shanya ta da kyau tun farko, da duk wannan abinci ne. Ita ce magana ta farko cikin darasina da na taɓa ji a bakinta, kuma ta faɗe ta kamar ita ta ƙirƙiro.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Inna ta sa zanin fita, ta riƙo kwalbar madarar da kanta, ta ƙi ba ni ko a kan babur. Tabarau ya ba ta kujerarsa. Ta tambaye shi layi nawa ake nema, ya ce biyu, Hajiya. Ta sunkuya a kan tsinken har goshinta na neman taɓa tebur. Na farko ya fito. Ni dai bango nake kallo, ba zan iya ba.

Sai na ji ta ce, "Ga ɗan'uwansa nan."

Ta sa Tabarau ya naɗe mata tsinken a takarda, ta ƙulle a gefen zani. Da muka iso gida ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora tukunya. Ɗigo ta sha kofi ɗaya ta miƙo a ƙara.

Talata, 9 ga Disamba

Awo. Sikeli ya ɗan motsa, kaɗan ƙwarai. Nas ta ce kada in ɗora rai a kan wata ɗaya, a ga na gaba. Ban ɗora ba. Na dai kira babanta sau uku har ya samu wurin tsayawa ya ji da kyau.

Oga ya yarda a sa maganar rami a darasi, har da maganar dabbobi da madara. Na kuma matsa masa a kan tamfol, a samo a riƙa ba da aro lokacin kaka, don abin da za a binne ya ragu. Ya ce na cika naci. Inna ta mayar da tsohon ɗakin girki sito, ta sa an jera katako, yanzu ita ke bin matan layi tana cizon masararsu tana cewa a mayar rana. Matar tela ta ce gara ni.

Da rana ina fitowa daga ofis, wani manomi ya kawo samfuri, ledarsa ta huje, 'yan ƙwayoyi suka zube a bakin ƙofa. Masara mai kyau, busasshiya. Mai shara na nan da tsintsiyarsa. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Tabarau ya leƙo ta taga yana kallona, na ce kada wani ya taka ya zame ne.

Suna nan cikin aljihun rigar ofis. Zan ba kajin matar tela, ko in zuba a namu buhun. Ba wani abu ba ne.